Tasalla Mai Taliyar Murji

Duk wanda ya zauna a unguwarmu a Batsari a shekarun nan na tsada, ko bai san fuskar Tasalla ba ya san dariyarta. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin da nake haya da gidan da suke zaune. Ni malamar firamare ce da aka turo daga Katsina, ban san kowa a garin ba. Ranar da na tare, ina cikin shara na ji mace ta kece da dariya a bayan katanga, har da tafi. Na ɗauka biki ake yi. Daga baya na ji ashe kaza ce ta faɗa mata cikin ƙullun ƙosai, kuma ba ta da wani waken da za ta sake jiƙawa.

A Wagini aka haife ta, ranar ƙaramar Salla, shi ya sa sunanta na yanka ya ɓace, Tasalla ya bi ta. Gajeruwa ce, baƙa, mai wushirya, ba ta iya tafiya a hankali ba. Mahaifinta manomin gyaɗa da wake ne. Tun tana budurwa take suya, ƙosai da safe, awara da yamma. Ta auri Salmanu, dogon mutum mai sanyin magana, wanda ke noma da damina, da rani kuma ya yi kabu-kabu da babur tsakanin Wagini da Batsari. Suna da 'ya'ya huɗu. Tare da su kuma akwai mahaifiyar Salmanu, Inna Asta, tsohuwa mai ciwon ƙafa da kaifin baki.

Ba masu arziki ba ne a can, amma rumbunsu yana kai su kaka. Sai 'yan bindiga suka matsa wa yankin. Gonar Salmanu tana bakin daji, zuwa ya gagara. Shekarar da aka kora musu awaki da shanun huɗa, suka ɗaure abin da ya rage a kan babur da amalanken maƙwabci suka shigo Batsari, inda wani ɗan uwa ya ba su aron ɗakuna biyu. Tasalla ba ta son labarin wannan rana. In na taɓo shi sai ta ce, "Mun fito da ranmu da kaskon suya, Malama, alhamdu lillahi," ta kawo wani zance.

A Batsari ta kafa kaskon a ƙofar gida, kuma da farko abin ya ɗan tafi. Sai man fetur ya tashi, komai ya bi shi a guje. Wake ya tashi, man gyaɗa ya tashi, itace ma ya zama abin lallaɓawa. Ta dinga rage girman ƙosai har masu saye suna mata tsiya wai sai da tabarau ake ganinsa. Jarin ya riƙa zurarewa cikin tukunyar gida, yau a ɗebi na awo, gobe a ɗebi na magani. Ban yi wata biyu a unguwar ba ta kife kaskon a bayan ɗaki. Salmanu ma ya jingine babur a gindin bishiyar bedin da ke tsakar gida, don abin da yake samu a yini bai kai kuɗin man da yake ƙonawa ba. Ya koma aikin lebura in an samu. Dariyar bayan katanga ba ta daina ba, amma ta yi ƙaranci, kuma akwai ranakun da ban ga hayaƙi ya tashi daga gidan ba.

Ana cikin haka wasu ma'aikatan wata ƙungiyar agaji suka zo unguwar tare da wakilin mai unguwa, suna bin gidajen da suka yi gudun hijira. Wadda ta shiga gidan su Tasalla wata matashiya ce mai suna Zulaihat. Ta yi tambayoyi, ta ɗauki hoto, ta tafi. Tasalla ba ta sa abin a ka ba. Ta leƙo ta katanga ta ce mini, "An sake rubuta mu, Malama. Da rubutu na ƙosar da mutum, da yanzu ƙofar nan ba ta ɗaukata."

Bayan wasu makonni aka kira matan da aka rubuta aka ba kowace kati, aka ce za a riƙa sa musu kuɗi a ciki wata-wata na ɗan wani lokaci. Tasalla ta juya katin gaba da baya, sannan ta ja Zulaihat gefe.

"Ƙanwata, gaya mini tsakani da Allah. Mi za mu yi muku?"

"Ba abin da za ku yi mana, Yaya. Kuɗinki ne."

"Rance ne?"

"Ba rance ba ne."

"To mi aka ce in saya da shi?"

"Abin da kika ga dama."

"Ko in tafi wajen mai tsire in ce ya naɗe mini na duka?"

Zulaihat ta yi dariya ta ce, "Ko tsire kika ci da shi, ba wanda zai zo ya shinshina bakinki."

Inna Asta ba ta yarda ba ko kaɗan. Ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin wanda ya miƙa kuɗi ya juya baya ba, ko mai sadaka yana jiran a ce masa Allah ya karɓa. Ta kuma rantse katin ba zai zauna a ɗakin da take ba, don ba ta san ko yana jin magana ba. Sai a ƙarƙashin kifaffen kaskon nan aka ajiye shi, aka ɗora dutse.

Ranar da saƙon ya shigo ina makaranta, lokacin hutun tara. Sai ga Tasalla ta faɗo harabar a guje, mayafi a hannu, takalmi a ƙafa ɗaya, riƙe da ƙaramar wayar Salmanu. Saƙon da Turanci yake, shi kuma Salmanu ya fita neman aiki ya bar wayar a caji.

"Malama, karanta mini! Ta yi ƙara, kuma ba kira ba ne!"

Na karanta, na gaya mata kuɗi sun shiga. Ta ce in sake karantawa. Na sake. Sai ta zauna daɓas a ƙasa a gaban ɗalibaina, ta rufe fuska da mayafi. Na zaci kuka take, na durƙusa zan rarrashe ta. Ashe kukan ne da dariya a haɗe, kafaɗunta na rawa. Ta miƙe ta rungume ni, ta rungumi wata malama da ba ta taɓa gani ba, ta yi wa hedimasta sannu da aiki har sau uku, ta fita ta manta wayar a hannuna.

Da la'asar ƙamshin miyar nama ya ƙetaro katanga, kwano ya biyo bayansa. Na shiga yi mata godiya na tarar da gidan kamar an yi musu asiri. Yara sun baje a tabarma, ciki ya yi tirtsi, ba mai iya magana. Salmanu ya yunƙura zai tafi masallaci, ya koma ya zauna, ya ce bari dai ya ɗan huta tukuna. Inna Asta tana suɗe ƙashi tana cewa ita don gudun almubazzaranci kawai ta ci, har yanzu ba ta yarda da mutanen nan ba.

Kuɗin farkon nan ko ƙwandala ba ta shiga sana'a ba. Gero da masara aka auna, aka sayi maganin ƙafar Inna, aka yi wa yara takalma. Tasalla ta ce mini, "Ciki muka fara sallama, Malama. Mai jin yunwa ba ya iya lissafin riba."

Da na biyu ya kusa, gida ya rabu. Salmanu yana so a zuba wa babur mai ya koma hanya. Inna Asta ta ce akuya, don akuya tana haihuwa. Tasalla kuwa tana da abin da ta ƙulla a ranta. Ta lura a shagon bakin titi mata suna ɗaukar taliyar leda su tambayi kuɗi, su mayar a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ga shi yara sun saba da taliya, iyaye kuma ta fi ƙarfinsu. Ita kuma tana yarinya ta yi zama a Safana wajen yayarta Zuwairatu, a can ta koyi murza taliya da ɗan injin hannu, irin wadda aka yi watsi da ita da ta leda ta yi araha.

Ina jin muhawarar ta katanga.

"Malam, man da za ka zuba, kafin azahar ya zama hayaƙi."

"Taliyar taki ma kafin azahar ai ta zama..."

"Malam! Ji tsoron Allah, yara na cin abinci!"

Suka fashe da dariya su biyu. Can na ji Salmanu ya ce, "Da sunanki ya fito, Tasalla. Yi abin da kika gani. In abin ya yi albarka dai ki tuna babur ɗina na jin ƙishirwa."

Ranar da ta ciro kuɗin ta hau akori-kura zuwa Safana. Zuwairatu, wadda mijinta masinja ne a sakatariya, ta raka ta wajen wani mai shagon kayan kicin da ke sarowa daga Katsina. Ya fito da injin daga kwali yana walƙiya. Tasalla ta juya hannunsa, ta sa kunne ta saurari ƙararsa, ta yi ciniki har mai shago ya ce ta tafi da shi don Allah ya samu ya yi salla. Ragowar kuɗin ta bar su na fulawa.

Wajen dawowa motar ta cika da buhuna da mutane. Tana tsoron kada a danne mata inji ko ya faɗi a gargada, sai ta naɗe shi da tsumma ta goya shi a baya, ta ɗaure da majanyi, ta lulluɓa mayafi. Suna cikin tafiya wata tsohuwa da ke bayanta ta taɓa ta.

"Yarinya, gyara wa yaron nan wuya mana. Kuma ya yi shiru da yawa, lafiya yake?"

"Lafiya lau, Iya. Ba shi da rigima."

"Namiji ne ko mace?"

"Inji ne, Iya."

Tsohuwa ta ɗaga mayafi ta leƙa, ta yi salati. Mota ta kaure da dariya. Wani mai buhun gyaɗa ya tambayi yaushe ne suna. Yaron mota ya ce ba zai karɓi kuɗin jinjiri ba, tun da bai kai a biya masa ba. A cikin motar akwai wata 'yar unguwarmu, kuma ta riga Tasalla sauka. Kafin ta iso gida labari ya zaga. Tana shiga mata suka biyo ta da guɗa, suna "Barka da arziki! Barka da sauka lafiya!" Ita kuma ta biye musu, ta zauna a tabarma tana nishi kamar mai jego, tana cewa a dama mata kunun kanwa. Inna Asta na daga ƙofar ɗaki tana cewa, "Mahaukata. Akuya da ta haihu da gaske."

Washegari aka kife turmi aka ɗaure inji a kai. Kwaɓin farko ya yi ruwa, ya manne a cikin inji, ta yini tana sakace shi da tsinken tsintsiya tana yi wa kanta tsiya wai hannu ya manta. Na biyu ta ƙara fulawa, ta sa gishiri, ta murje shi sosai har ya daina kama hannu. Ta fara bi da shi ta wajen da ke shimfiɗa kwaɓi ya yi fale-fale, sannan ta mayar wajen yanka. Da zaren taliya ya fara zubowa, dogo, sumul, yara suka sa ihu kamar an ci ƙwallo. Ƙaramarsu ta ruga waje tana shelar cewa injinsu na haihuwar tsutsa.

Matsalar da ba wanda ya hango ita ce wurin shanya. Igiyar wanki ta cika nan da nan. Aka kwance igiyar guga aka ɗaura, ta cika. Aka koma rassan bedi. Da na leƙa da yamma, har a hannun babur ɗin Salmanu da madubinsa taliya ce ke reto. Akuyar maƙwabta ta shigo ta tsaya da ƙafa biyu ta fara ja, aka bi ta da muciya, ta fita da taliya a ƙaho. Duk wanda ya gan ta a lungu ranar ya san an fara sabuwar sana'a a gidan Salmanu, ba a biya mai shela ba.

Ta kasa cinikin gida biyu. Busasshiya ana ƙulla ta a leda ga mai son dafawa a gida, dafaffiya kuma da mai da yaji a ƙofar gida da hantsi. Na kai ƙulli biyu makaranta, washegari malamai suka ba ni saƙo. Matan ma'aikata suka ji, suka fara aikowa. Kafin sati ya zagayo abin da take murzawa ba ya kwana. Sai ta shigo wajena da kuɗin ciniki ɗaure a gefen zani, ta kwance ta ɗaure, ta ce, "Malama, taɓa ni ki ji ko zazzaɓi nake. Yau har wata na ce ma ta dawo gobe. Ni Tasalla, ina korar mai saye!"

Amma hannu ɗaya ba ya iya kwaɓi da murji da shanya da dafuwa. Kafaɗarta ta kumbura, har ɗaga guga ya gagare ta. Wata safiya Salmanu, wanda ya kwana biyu bai samu aiki ba, ya tsaya yana kallonta tana juya inji tana cije baki. Ya ce a rufe ƙofar zaure. Aka rufe. Ya naɗe hannun riga ya zauna gaban turmi. Abin da take yi daga safe zuwa azahar ya gama shi kafin hantsi ya yi zafi, har yana tambaya ko akwai sauran kwaɓi.

Ya so abin ya tsaya a cikin gida, amma fulawa ba ta da sirri. Ya je masallaci da azahar, wani abokinsa Manu, wanda suka yi kabu-kabu tare, ya ƙura masa ido ya ce, "Salmanu, furfura ce ta sauko maka rana ɗaya?" Ya shafa gemu, hannu ya fito fari. Majalisa ta ɗauka, aka sa masa Salmanu na Tasalla mai murji. Ya bari suka gama dariya, sannan ya ce da sanyin muryar nan tasa, "Ni dai na ci na rana. Wanda bai ci ba a cikinku ya biyo ni." Mutum uku suka bi shi, har da Manu. Daga ranar ba a sake rufe zaure ba.

Da ya saba da injin sai dabara ta fara zuwar masa. Ya ce hannu ɓata lokaci ne, ƙafa ta fi ƙarfi. Ya samo wani tsohon keke mara taya, ya kai wa mai walda, suka yini suna ƙulle-ƙulle, aka haɗa sarƙar keken da inji. Ranar gwaji har ni aka kira. Tasalla ta tsaya da kwaɓi a hannu tana addu'a, Salmanu ya hau sirdi ya gyara hula. Da farko abin ya yi kyau, taliya na zubowa kamar ruwan famfo, muna ta tafi. Tafin ne ya shiga kansa. Ya ƙara wuta, ya sunkuya kamar mai tsere. Tasalla na cewa "Malam, a hankali! Malam!" bai ji ba. Inji ya fara rawa a kan turmi, maɗaurinsa ya kwance, ya yi tsalle ya faɗa cikin bahon fulawa. Fulawa ta tashi ta rufe mu duka. Salmanu da keke suka kife ta ɗaya gefen.

Sai muka ji wata irin ƙara daga ƙofar ɗaki, kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Inna Asta ce ke dariya. Ta yi har ta riƙe ciki, har tari ya sarƙe ta, hawaye na bin fulawar da ke fuskarta. Salmanu yana kwance a ƙasa ya ɗago kai yana kallon mahaifiyarsa, bai ko yunƙura ya tashi ba. Daga baya ya ce mini rabonsa da jin dariyarta tun suna Wagini.

Hannun injin ya ɗan lanƙwashe, mai walda ya miƙe shi. Tasalla ta kafa doka, keke ba ya sake kusantar turminta.

A wata na huɗu ta tuna da ƙishirwar babur. Ta ba Salmanu kuɗin mai daga ribar taliya, ba daga kati ba, kuma ta tabbatar kowa a gidan ya san haka. Babur ya yi gardama, ya yi tari, yara suka tura shi har bakin titi kafin ya tashi. Amma ba fasinja ya koma ɗauka ba. Kwali biyu ake ɗaura masa cike da ƙullin taliya, ya kai Safana wajen Zuwairatu, ita kuma ta sayar wa matan ma'aikata a cikin gida. Ba ya tafiya sai rana ta ɗaga, sai ya tambayi direbobi labarin hanya, in an ce da motsi ya haƙura. Ranakun da ya tafi, Tasalla ba ta cika surutu ba sai ta ji ƙarar babur a lungu.

Ta hanyar Zuwairatu aka samu aiki mafi girma da ta taɓa yi. Wata makarantar Islamiyya a Safana za ta yi walimar saukar Alƙur'ani, shinkafa ta gagara, aka ce a yi taliyar murji ta buhu guda. Farkon damina ne, amma an kwana biyu ba a ga hadari ba. Suka duƙufa su biyu, aka ari igiyoyin unguwa kaf, aka shanya a gidansu da gidan da nake da gida biyu na gaba. Ana saura kwana biyu walima, da la'asar, gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska ta taso.

Ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Tasalla ta tsaya tsakar gida ta ƙwala ihu, "Jama'a, taliya!" Mata suka fito ba mayafi, maza suka baro majalisa, kowa ya rungumi abin da ya iya yana neman rufi. Wani dattijo ya wuce ni da taliya rataye a wuya kamar rawani ya warware. Ɗakina ya fi kusa da igiyoyin, nan aka fi turawa. Aka rataya a igiyar gidan sauro, a ƙusar kalanda, a bayan kujera, a kan rigunana na zuwa aiki. Kwana biyu ina shiga ɗakina a duƙe.

Duk da haka ruwa ya ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tasalla ta tsaya tana kallon jiƙaƙƙiyar taliya a baho. Sai ta ce, "To, wannan ba ta kai gobe. A hura wuta." Ta dafa ta duka, ta zuba mai da yaji, duk wanda ya yi gudu ya zo da kwanonsa. Ana yayyafi ana ci ana maimaita yadda kowa ya zame. Asara ce ta gaske, ta cinye mata ribar aikin kusan duka, don sai da ta sayi wata fulawar suka sake murzawa. Amma an kai kaya Safana a kan lokaci, kuma daga walimar nan sunanta ya shiga gidajen da ba ta taɓa takawa ba.

Ba kowane wata ne ya zo da daɗi ba. Kuɗin wata guda gaba ɗaya asibiti suka tafi, da ƙanen Salmanu ya kwanta aka kai shi Katsina. Fulawa ta yi ta tashi har ƙullin taliya ya fara bin sawun ƙosan da. Sannan tallafin ya ƙare, kamar yadda aka faɗa tun farko. A unguwarmu akwai waɗanda nasu ya ƙare a abinci da magani kawai, kuma ba wanda ya isa ya ga laifinsu, bakunan da suke ciyarwa sun fi na gidan Salmanu yawa. Wata ta yi rufin ɗaki da nata. Wata kuma, Barira, wadda mijinta ya rasu a ƙauye, ta ga abin da Tasalla ke yi ta sayo nata injin.

Tasalla ta ji haushi, ba ta ɓoye ba. Ta yini tana ƙunƙuni wai gari duk faɗinsa a rasa sana'a sai tata. Washegari ta ce bari ta je ta ga abin da idonta. Ta tarar da Barira zaune gaban inji da kwaɓi ya manne a ciki, tana sakata da tsinke, yaranta sun zuba mata ido. Tasalla ta dawo gida ta ɗauki gishiri da kwanon awonta ta koma. Daga baya suka riƙa haɗa kuɗi suna sayen buhu guda su raba, ya fi musu sauƙi a kan awon kwano. Suna faɗa a kan masu saye kusan kowane mako, suna shiryawa ranar sayen fulawa.

Zulaihat ta dawo sau ɗaya bayan an rufe shirin, tana zagayawa tana jin yadda mutane suka yi. Ba ta samu ta yi tambayoyinta yadda ta tsara ba. Tasalla ta zaunar da ita, ta cika mata kwano, ta sa ta juya inji da hannunta, ta ba ta labarin keke da na ruwan sama tana kwaikwayon kowa. Da Zulaihat ta tambaye ta abin da take buƙata yanzu, sai ta daina dariya ta ce, "Hanyar gonarmu, ƙanwata. In kun san mai ba da wannan, ki rubuta sunana."

Shekarar da ta biyo baya aka mayar da ni Katsina. Kafin in tafi Salmanu ya karɓi hayar 'yar gona kusa da gari ya shuka wake, yara biyu manya sun koma makaranta. Ba su yi arziki ba. Ɗakunan aro ne har yanzu, kuma akwai makon da fulawa ke gagara inji ya huta.

Kwanan baya ta kira ni, tana magana da ƙarfi kamar Katsina a bayan duniya take. Na tambayi ciniki, ta ce da godiya, sai dai ta yi sabuwar ma'aikaciya da ke neman kashe mata kasuwa. Inna Asta ce ta ce ta gaji da zaman ɗaki, aka kafa mata kujera a ƙofar gida, ita ke zuba wa masu sayen dafaffiya.

"Malama, in ta ga yaro ya rame sai ta cika masa kwano ta ƙara. In ta ga mai tumbi sai ta rage, ta ce ya isa haka, ya ji tausayin babur ɗinsa. Jiya wani ma'aikacin sakatariya ya kawo mini ƙara har cikin gida!"

"To me kika ce masa?"

"Mi zan ce? Na ce ya je ya gaya mata da kansa. Ga shi can ya dawo yau, ya kawo mata goro."

Daga bayanta na ji muryar tsohuwar tana tambayar da wa ake magana, a ce wa Malama ta aiko mata da man zafi na Katsina, na Batsari ruwa ne. Tasalla ta fara ba ta amsa, kuɗin wayar suka ƙare.